Yadda 'Yata Ta Fara Makaranta a Cikin Daji a Jamus

Rashin gurbi ne ya fara kai mu nazirin daji. Mun iso Jamus a 2022, maigidana ya samu karatun digiri na uku a Freiburg, muka kama haya a wani ƙaramin gari da ke gindin tsaunukan Baƙin Daji. 'Yarmu tana gab da cika shekara uku. A takarda doka tana tare da mu, domin tun 1996 duk yaron da ya kai shekara uku a ƙasar yana da haƙƙin a ba shi wuri a naziri, daga Agustan 2013 ma aka sauko da haƙƙin zuwa ɗan shekara ɗaya. Amma mutanen nan tun yaro yana zanen goyo suke rubuta sunansa, mu kuwa mun zo a makare. Duk inda na kai fom sai a ce in jira.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa da jikokinta suka yi makarantar, ita ta ce in gwada ta bayan gari. Ta gaya min ƙarara cewa yaran a waje suke yin rabin wuninsu, ko ana ruwa, ko ana rana, ko dusar ƙanƙara na zuba. Gabana ya faɗi, amma zaman gidan ya ishi yarinyar, ba abokin wasa, ba tsakar gida, sai taga da talabijin. Na buga waya aka ba ni ranar zuwa gani.

Bas ya sauke mu a tashar ƙarshe, muka taka har bakin daji. Abin da na tarar bai taka kara ya karya ba. Ɗakin katako ne guda mai taya, irin wanda ma'aikatan gini suke ajiye kaya, a ciki da murhun itace da akwatin magani da kayan canji. A gabansa an jera gungumen itace an yi da'ira, gefe kuma rumfar tamfol. Babu lilo, babu allo, babu 'yar tsana ko motar roba. Yara ashirin ne, malamai uku.

Na zo da tambayoyina a rubuce, shugabar kuma ba ta gaji da ni ba. Idan reshe ya faɗo fa? Ta ce jami'in gandun daji yana zagaya wuraren da yara ke zama, yana sa a sare busassun rassa. Idan aka tashi da guguwa ko tsawa? Ta ce kullum da asuba suna duba sanarwar hukumar yanayi, in akwai gargaɗi sai a tura wa iyaye saƙo a haɗu a wani ɗaki da suka tanada a cikin gari. Idan yaro ya ɓace? Sai ta kama hanya da ni ta nuna min wuraren tsayawa: wannan dutse, wancan kututture, waccan gada. Yaro yana iya rugawa gaba iya son ransa, amma da ya kai wurin tsayawa dole ya jira kowa, a ƙirga su, sannan a wuce. Ta ƙara da cewa abin ba sabo ba ne. A Denmak ya faro a farkon shekarun 1950, da wata uwa mai suna Ella Flatau da ke fita da 'ya'yanta daji har maƙwabta suka fara haɗa ta da nasu. A Jamus wata mata, Ursula Sube, ta buɗe irinta a Wiesbaden a 1968, sai a 1993 gwamnati ta amince da ta farko a hukumance a Flensburg, yanzu kuma sun haura 1,500 a faɗin ƙasar. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne hukumar da ke ba sauran naziri lasisi ita ke ba su, malaman kuma takardar shaidar renon yara ɗaya gare su da na cikin gini.

Takardu ba su ɗau lokaci ba. Likitan yara ya duba ta ya sa hannu, muka kai shaidar rigakafin ƙyanda, wanda doka ta wajabta wa duk yaron da zai shiga naziri tun 1 ga Maris 2020. Likitan ne ya ƙaro abu biyu. Na farko allurar rigakafin wata cutar kumburin ƙwaƙwalwa da kaska ke ɗauke da ita, mai kama da sanƙarau, domin kusan duk jiharmu ta Baden-Württemberg tana cikin taswirar haɗari da Cibiyar Robert Koch, hukumar da ke sa ido kan cututtuka a Jamus, ke fitarwa kowace shekara. Sau uku ake yin ta. Na biyu bitamin D. Ya ce daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa shi, balle fata baƙa irin tamu, ko da yaro a waje yake wuni.

Kaya su ne suka ci kuɗi da tunani. Sun ba ni takarda guda cike da abin da za a saya, wata uwa kuma ta raka ni kasuwar gwanjon kayan yara da iyaye ke yi a zauren gari, inda na samu fiye da rabi a farashi mai sauƙi. Ƙa'idar ita ce a sa wa yaro kaya hawa-hawa, yadda in ya yi gudu ya ji zafi za a cire ɗaya, in ya zauna a mayar. Na jikin fata ya zama na ulu, domin auduga tana shan gumi ta riƙe, sai ta koma ita ce ke sanyaya jikin. A kai suwaita, a waje kuma wando da riga na roba da ruwa ba ya ratsawa. Takalmi ya ɗan fi ƙafa girma, saboda iskar da ke tsakanin safa da takalmi ita ce ke riƙe ɗumi, matsattsen takalmi kuwa ƙafa yake daskararwa. Sai jakar goyo mai maɗauri a ƙirji, da 'yar tabarmar soso ta zama, da fulas na ruwan ɗumi, da ƙaramin tawul. Sun kuma ce lokacin sanyi a shafa wa yaro mai a fuska, amma mai zalla wanda ba a haɗa shi da ruwa ba, don mai ruwa yana daskarewa a kan fata. Na ɗauko man kaɗanyar da Hajiya ta ɗauro min a kaya na kai wa malamar, ta shafa a bayan hannunta ta ce daidai ne. Har yau shi nake shafa mata.

Ba a ajiye yaro a juya ranar farko. Tsarin da suke bi, wanda aka tsara a Berlin, shi ne uwa ko uba ya zo tare da yaron kwana uku na farko na ɗan lokaci kaɗan, ya zauna gefe guda, kada ya shiga wasan, kada kuma ya ture yaron in ya zo wurinsa. A rana ta huɗu a gwada rabuwa ta ɗan gajeren lokaci, daga nan a riƙa ƙarawa gwargwadon yadda yaro ya saki jiki. Malama guda ake ware wa sabon yaro. Tamu mace ce mai sanyin murya, ba ta taɓa jan yarinyar ba. Sai dai ta tsuguna kusa da mu ta ɗaga wani ruɓaɓɓen itace, ga tana, ga dodon koɗi, ga ƙananan ƙwari suna watsewa, ta yi ta kallonsu ita kaɗai. 'Yata tana riƙe da gefen hijabina, tana leƙe. Can sai na ji hannun ya saki.

Ranar rabuwa an ce in yi mata sallama sosai, kada in sulale. Na durƙusa na ce mata zan je in dawo, ta fashe da kuka, na juya ina jin kukan har cikin ƙashina. Na tsaya bayan wata kwana inda ba ta ganina. Malamar ta riga ta gaya min cewa kuka ba shi ne abin dubawa ba, abin dubawa shi ne ko yaron zai yarda ta rarrashe shi. Ba a jima ba saƙo ya shigo wayata: ta yi shiru, suna tara ganye.

A kwanakin da na zauna tare da su na ga yadda wunin yake tafiya. Da safe a zauna a kan gungumen nan, a yi waƙa, sai a zaɓi yaro guda ya ƙirga 'yan'uwansa da ƙarfi yana taɓa kafaɗar kowa. In ya samu sha bakwai sai malama ta tambaya, mu ashirin ne, saura nawa, su wa ne ba su zo ba? Daga nan a yanke inda za a je yau, bakin rafi ko wurin hawa. A ajiye sanda biyu a ƙasa, kowane yaro ya sa tsakuwarsa a gefen da yake so, a ƙirga a ga wanne ya fi yawa. Wanda aka kayar ya haƙura, gobe ma rana ce. Malami guda ya ja amalanke mai ɗauke da jarkar ruwa da igiya da akwatin magani, a kama hanya. Tafiyar da babba zai yi a minti goma sai ta ci musu kusan awa, domin kowane kududdufi sai an shiga, kowace laimar kwaɗi sai an tsuguna an kalla, ba wanda zai ce a yi sauri. In an isa a wanke hannu, a karya kumallo, sannan kowa ya kama wasansa. Sanda ita ce doki, ita ce ludayi, ita ce wayar hannu, kuma tunda abin ba ya nuna kansa dole yaro ya buɗe baki ya gaya wa ɗan'uwansa me yake riƙe da shi. Ina ganin wannan ne ya sa Jamusanci ya shiga bakin 'yata da wuri, ita da ta je ba ta san ko kalma ɗaya ba.

Dokokin kaɗan ne, amma ba a sassauta su. Ba a kai komai na daji baki, ko da ɗan itacen da aka sani ne. Ba a taɓa mushe. Ba a gudu da sanda a hannu, ba a ɗaga ta saitin fuskar wani. Ba a hawa tulin gungumen da masu sarar katako suka jibge, don suna iya mirginowa. Ba a zuwa inda malama ba ta ganinka ko ba ka jin kiranta. Bishiya kuwa ana hawa, sai dai ba mai ɗora ka. Inda ƙarfinka ya kai ka nan ne iyakarka, domin wanda ya hau da kansa ya san hanyar sauka.

Hoton 'yata a kan bishiya ne ya tada hankalin Hajiya. Na tura mata ta WhatsApp, ko minti biyar ba a yi ba ta kira.

"Ke 'yar nan, duk faɗin ƙasar Turawa a rasa inda za a kai min kishiya sai daji? Cikin wannan sanyin da ruwa ke zama dutse? Limoniya kike nema mata? Kuma mace a kan bishiya?"

Na ce, "Hajiya, akwai malamai a tare da su, kuma da kin ga kayan da take sawa."

"Malaman suna ganin abin da ke cikin daji ne? Ki dai riƙa tofa mata addu'a kafin ta fita."

Wannan umarnin na riƙe shi hannu bibbiyu. Kullum a tashar bas sai na karanta mata Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi na shafa mata, yanzu ma tare muke karantawa. Maganar sanyi kuma na kai wa likita, ya ce mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ta fi kuma yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai cunkoso. Ta yi mura, ta yi tari kamar kowane yaro, amma ba ta taɓa kwanciya asibiti ba, alhamdulillahi. Wani dare muna hira Hajiya da kanta ta shiga ba ni labarin ƙuruciyarta a ƙauye, yadda suke fita tsintar kanya da magarya da ɗinya, yadda tun ba ta kai shekara bakwai ba ta san tafasa, ta san yaɗiya, ta san ganyen da akuya ma ba ta ci. Ta ce jikokinta na birni ko dalbejiyar ƙofar gida ba su san sunanta ba. Duk da haka ba ta sauka daga kan maganar sanyi ba, kowace waya sai ta tambaya ko an rufe wa yarinyar kunne.

Sanyin kuwa gaskiya ne, ba zan rage masa komai ba. A Disamba sai bayan ƙarfe takwas rana ke fitowa, muna barin gida da duhu. A Janairu akwai safiyar da ma'auni ke sauka ƙasa da sifili, ciyawa ta yi fari fat. Akwai ranar da na je ɗaukarta na tarar ta yi kuka har ta gaji, yatsunta sun ƙage. Malamar ta shigar da ita ɗakin katako ta zaunar da ita kusa da murhu, ta sa hannuwan cikin nata tana murzawa. Ta ba ni shawarar safar hannu marar rabe-raben yatsu, wadda yatsun ke haɗuwa wuri guda suna ɗumama juna, kuma a sa biyu a jaka domin ta farko ba ta kai tsakar rana ba ta jiƙe ba. A irin waɗannan ranaku ba sa barin yara su daɗe a zaune, tafiya ake yi da guje-guje, kumallo kuma a ci a ciki. Daren nan na ce wa Abbanta anya ba za mu sake neman ta cikin gini ba? Ya ce mu ga bayan wata. Da gari ya waye ita ce ta riga mu ɗauko takalmi.

Abu biyu na addini na yi magana a kansu tun farko, ban ɓoye ba. Na farko tsarki. Suna da ban ɗaki na katako a bayan ɗakin, in sun yi nisa kuma akwai keɓantaccen wuri da ƙaramin shebur. Na gaya wa malamar cewa mu da ruwa muke wankewa, ta ce in sa ƙaramar gora a jakar, ita za ta taimaka mata har ta iya da kanta. Na biyu abinci. Kowane yaro da nasa yake zuwa, ba alewa, lokacin zafi ma ba lemo mai zaƙi saboda rina. Ranar da za su hura wuta su gasa nama ana sanar da mu, sai in sayo na halal a shagon Turkawa, malamar ta ware mata nata tsinken. Da Ƙaramar Sallah na soya cincin na kai, yaran suka cinye tas, aka sa ta ta ba su labarin yadda muke yin Sallah.

Da sanyi ya wuce kaska ta fito. Wannan aikin na iyaye ne, kullum da yamma. In tuɓe ta a wuri mai haske in duba bayan kunne, wuya, hammata, cibiya, matsematsi da bayan gwiwa. Kai ya fi wuya saboda kitso, sai in bi tsaga-tsaga da yatsa. Na fara samunta ne a bayan kunne, baƙa, ba ta kai ƙwayar riɗi ba, ta kafa kai. Na sa matsefata na kama ta dab da fata, na ja a hankali a miƙe har ta fito, na goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na rubuta kwanan wata. Ba a shafa mata mai ko kananzir, ba a matse cikinta. Gaggawar tana da dalili: akwai cuta ta biyu da kaska ke sawa wadda ba ta da rigakafi, amma ƙwayarta sai kaskar ta yi awoyi da yawa a jiki take shiga. Alamarta jan zobe ne da ke faɗaɗa a kewayen cizon bayan kwanaki ko makonni. Likita ya ja kunnena cewa a baƙar fata zoben ba lalle ya yi ja ba, yana iya zama duhu-duhu kawai, don haka in duba da kyau, in na ga wani sauyi ko zazzaɓi in kawo ta. Ba abin da ya biyo baya.

Da ta ƙara girma aka ba ta wuƙar sassaƙa. Na je na gani da idona. Yaro sai ya zauna, tsakaninsa da na kusa da shi tsawon hannu, ya riƙa fiƙe sandar yana tura wuƙar waje, in zai tashi ya rufe ta ya miƙa wa malama. Yarinyar da a gida ba ta iya zama minti biyu, na gan ta ta duƙufa, harshe a waje, har ta fere sandar tas. Ta taɓa yankewa a yatsa, aka sa filasta, aka rubuta a littafinsu, aka gaya min.

Damuwar da ta fi daɗewa a raina ita ce karatu. Ɗiyar yayata a Kano sa'arta ce, tun tana shekara uku take zama a benci, tana da jakar littattafai da aikin gida da jarrabawa, har da matsayi a aji. Tawa kuwa taɓo take kawo min. Sai na gane cewa a Jamus ko nazirin cikin gini ba ya koyar da karatu da rubutu, sai yaro ya shiga firamare yana ɗan shekara shida. Na kuma samu labarin binciken da Peter Häfner ya yi a Jami'ar Heidelberg a 2002, inda malaman aji ɗaya suka auna yaran da suka fito daga naziri iri biyun. 'Yan daji sun yi gaba a natsuwa da juriya da zama da mutane, amma a aikin yatsu irin riƙon fensir ba su fi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana. Ina tuna 'yar yayata a kan benci tun safe har azahar, a aji mai zafi, ana dukan tebur don ta yi shiru, sai in ji abin ya tsaya min a rai. Iyayenta ƙoƙari suke yi, kuɗi suke biya masu yawa, abin da makarantu ke sayarwa ke nan. Amma na ga yaro yana koyon ƙirga da tsakuwa yana dariya, ban kuma yarda cewa sai an zaunar da ɗan shekara uku an hana shi motsi zai yi ilimi ba.

Tsarin yana da nasa nauyin. Ana tashi wajen ƙarfe biyu, uwar da ke aiki cikakken wuni sai ta nemi wani taimakon. A jiharmu ana biyan kuɗin wata, ko da yake ofishin kula da yara yana tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi. Makarantar ta ƙungiyar iyaye ce, don haka kowane gida yana da makon kawo ruwa a jarka da wanke tawul, wasu Asabar ɗin kuma Abbanta yana zuwa faskaren itace da gyaran rumfa. A nan ya yi abokai Jamusawa fiye da na jami'a.

Kafin shekararta ta ƙarshe ofishin lafiya ya kira ta gwajin shiga makaranta, kamar yadda ake yi wa kowane yaro a jihar. Aka duba ido da kunne, aka sa ta tsalle da ƙafa ɗaya, ta maimaita jimloli, ta ƙirga, ta zana mutum. Ma'aikaciyar ta ce harshe da jiki ba matsala, sai dai a ƙara mata aikin fensir da almakashi. Malaman daji sun riga sun san da wannan, suna ware manyan yara rana guda a mako su zauna a tebur cikin ɗakin katako su yi zane da yanka takarda da saƙa. A gida muka raba aiki, Abbanta yana biya mata alifun ba'un bayan magariba, ni kuma ina yi mata tatsuniya da Hausa don kada harshen ya kuɓuce mata. Malamar firamaren da za ta karɓe su a Satumba ta fara zuwa dajin tana sanin yaran, nan gaba kaɗan kuma su za su kai mata ziyara su ga ajin.